Waƙa Ta Shida

Tamanrasset, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Harisu,

Assalamu alaikum. Ka yafe mini ƙarfin halin rubuto maka, sau uku ina yaga takardar nan. Ni ce Munawwara, ƴar Malam Isma'il mai karantar da Alƙur'ani, wadda ke kawo katin waya rumfarka duk Alhamis in an tashi lekkol, makarantarmu ta boko, ka zuba mini waƙoƙi da fina-finai.

Alhamis ɗin nan na tarar da rumfar a kulle. Mai shayi ya ce ka tafi In Amguel aikin gini. Na juyo gida da katina a hannu.

Tambaya ɗaya gare ni. Wata bakwai ke nan, in na nemi waƙa biyar sai in tarar da shida, kuma ta shidan kullum ta bege ce. A fina-finan da ka zuba mini, mai kunya ba ya faɗa da baki, waƙa yake aikawa. Na kwafe baitocin duka a bayan littafina na lissafi. Yaya, da ni kake?

Baba Mahamane direba zai kawo maka wannan. Ya ɗauka saƙon babana ne.

Ka huta lafiya,
Munawwara

In Amguel, ranar Laraba

Ƙanwata Munawwara,

Wa alaikumus salam. Ya karatu, ya su Malam? Ni lafiya lau, sai dai siminti ya cinye mini hannu.

Wallahi na karanta takardarki na rasa inda zan sa kaina. Ƙanwata, gyara ne fa. In kin sayi kashin tumatir, ba a ɗora miki ɗaya? Haka maigidana ya koya mini a Damagaram: mai biyar a ba shi shida, don ya dawo. Wadda ta fito sabuwa a makon ita nake sa wa kowa. Baba Mahamane ma da furfurarsa ya sha begen nan, shi ke tashi a motarsa duk hanya. Tambaye shi ki ji.

Ba zan ɓoye miki ba, bayan Babbar Salla za a ɗaura mana aure da Balki, ƴar kawuna. Neman kuɗin auren ne ya kawo ni gini.

Fim awa biyu ne an gama, kowa ya tafi gida. Ki riƙe karatunki, ke mai ƙwaƙwalwa ce. In na yi laifi, ki yafe.

Yayanki,
Harisu

Tamanrasset, ranar Lahadi

Yaya Harisu,

Assalamu alaikum. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya.

A fim, daidai nan ne ruwa ke saukowa, a busa sarewa, yarinya ta jingina da bango. Ni Inna ce ta kira ni in tankaɗe gari, na kuwa tankaɗe. Ba wanda ya ga komai a fuskata. Ban san haka ake yi ba.

Na ari katin ƙawata Suwaiba na gwada da nawa. Gaskiyarka, duk suna ciki, ɗaya bayan ɗaya. Na goge nawa, na yage bayan littafin.

Saura guda. Ba ta da suna, murya ce da kiɗan jita kawai. Mai waƙar ya yi tari kafin ya fara, ya kuskure a tsakiya, ya sake. Babu ita a katin Suwaiba. Baba Mahamane ya ce bai taɓa jin ta ba. Na san tarin nan, Yaya.

Ba zan tambaye ka ba. Wataƙila hannunka ne ya zame. Na kasa goge ta, na kuma kasa saurarenta.

In ba zai ɓata wa Yaya Balki rai ba, ka yarje mini in sake rubuto maka, sau ɗaya, ranar da sakamakon jarrabawa ya fito?

Ƙanwarka,
Munawwara