Awa Biyun Da Na Cire Daga Tikitin Umma

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Tikitin Umma ya fito. Ranar Alhamis za su tafi Alƙahira aikin idonta, ita da ƙanwata Yusra. An rubuta tashi ƙarfe ɗaya na rana, sauka takwas. Awa bakwai kenan wai. Ni kuwa na karanta, daga Abuja zuwa can kilomita dubu uku da ɗari huɗu ne da 'yan kai, tafiyar awa biyar. Su karɓi kuɗin mutane, lissafin firamare ya gagare su.

Talata, 6 ga Agusta

Silas maƙwabcinmu, mai tura kaya a filin jirgi, ya leƙa takardar. Wai, "Farfesa, agogonsu ba ɗaya da namu ba, ka bar shi yadda yake." Na ce masa tura akwati ba tuƙa jirgi ba ne. A gaban matarsa na faɗa. Ya ce, "To, oga," ya shige ɗaki.

Na tura wa Lawal, ɗan unguwarmu da ke karatu a can, saƙo cewa ƙarfe shida za su sauka. Ya ce yana da jarrabawa, direba zai aiko.

Alhamis, 8 ga Agusta

Sun tafi. Umma ta dafa kaina, ta ce wa Yusra, "Yayanki ya tsara komai, shi ai ba abin da bai karanta ba."

Juma'a, 9 ga Agusta

Ban je aiki kasuwar Zuba ba yau, wani ya sauke lemon a madadina.

Direban ya je shida, ya jira har bakwai da rabi, ya kama gabansa. Jirgi ya sauka takwas daidai. Awa biyar ɗin gaskiya ne. Agogonsu ne ke gaban namu da awa biyu. Nisan na sani, gudun jirgin na sani, wannan ne ban... kuma an gaya min.

Awa uku suna zaune a kan akwati. Layin wayarsu ba ya aiki, ba wanda ke jin Hausa, Umma ba ta ganin ko fuskar mai yi mata magana. Wata mai shara ce ta ara musu waya. Yusra ta ce Umma ba ta yi kuka ba, ni kawai take tambaya, "Ko wani abu ya sami Zulkifilu ne?"

Asabar, 10 ga Agusta

Na yi wa Lawal masifa a waya kan direbansa. Ya bar ni na gama, sannan ya karanto min saƙona. Na kashe.

Talata, 13 ga Agusta

An yi aikin lafiya, alhamdulillahi. Umma har yanzu direban take zargi. Yusra ta sani, ba ta faɗa mata ba. Ni ma ban faɗa ba.

Ta bayan masallaci nake zagayawa kwana huɗu, don kar na bi ta ƙofar Silas.

Laraba, 21 ga Agusta

Tikitin dawowa: tashi tara na safe, sauka sha biyu. Awa uku wai. Na gane dalili, ba sai an gaya min ba.

Duk da haka na kai wa Silas tikitin a wayata ya duba. Yana wanke takalminsa, bai ɗago ba. Ya ce, "Sha biyu, agogonmu. Ka zo sha ɗaya, zan tsaya maka a ƙofar fitowa."

Na ce, "To, yaya." Ban san lokacin da ya fito daga bakina ba.