Tudun da Ambaliya Ba Ta Kaiwa

Zuwa ga ƙanwata Nurlela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya aiki? Tunda wayarki ta zama ta ado, ga takarda na ba ɗan acaba. In kin ga dama ki ce ita ma ba ta shigo ba.

Lela, masu awo sun zo unguwarmu. Sun kafa jajayen turaku daga bayan masallaci har bakin tafkin kifi, sun zagaye maƙabartar gidanmu kaf. Ɗaya yana daidai kan Babe mahaifinmu, tsakaninsa da dutsen kabarinsa bai kai taku ba. Na tambaye su, suka ce garejin jiragen ƙasa za a gina. Tambarin da ke hularsu shi ne na rigar aikinki.

Enyak uwarmu ba ta gani ba tukuna, ciwon gwiwa ya hana ta hawa tudun. Amma azumi ya matso, har ta sa an sayo furanni da ruwan wardi na ziyarar kabari. Kin kuma san wasiyyar uwarmu tun rasuwar Babe: ranar da ta cika, a buɗe kabarinsa a sa ta a ciki, kamar yadda aka yi wa kakanninmu. Na kasa zaune na kasa tsaye. Me zan ce mata?

Yayanki,
Rojali

Bang Rojali yayana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Enyak da su Mpok Ipah matarka. Ba raini ya hana ni ɗaga waya ba, muryarka nake tsoro.

Za a tsawaita layin jirgin har gabashin Jakarta. In layi ya ƙaru ba a ƙara jirage ba, mutane za su cika tasha suna jira, ƙara layin ya zama aikin banza. Sababbin jiragen an riga an yi odarsu, tsohon garejin kuwa ya cika maƙil. Dole a samu inda za su kwana, a wanke su, a duba ƙafafunsu, kuma a ƙarshen layi. Aikina ke nan a ofis, neman wurin.

Wallahi Bang, babu filin da ban kai musu ba. Kowanne sai a tarar ruwa yana shanye shi da damina, jirgin lantarki kuwa ba ya shiri da ruwa. Tudun nan kaɗai ambaliya ba ta kaiwa. Abin da ya sa kakanninmu suka binne mutanensu a can, shi ya sa jirage suke son wurin. Na yi gardama har aka fara yi mini kallon mai son kai.

Za a kwashe kaburburan zuwa maƙabartar hukuma, da liman da sabon likkafani. Don Allah kada ka gaya mata sai na zo. Ni ma abinci ba ya wuce mini.

Ƙanwarka,
Lela

Lela,

Salam. Sai kin zo? Yaushe? Jiya ta ɗaura ɗankwali ta ce, “Jali, tada babur ɗin nan naka mai tarin tsofaffi, ka kai ni wurin mijina.” Na ce ba mai. Ta ce, “To goya ni.”

Haka dole na kai ta, ta ga turken. Ta rataya jakar furanninta a jikinsa, ta zuba ruwan wardi, ta yi addu'arta tsaf. Da za mu sauko ta tsaya gaban allon kamfanin ta ce, “Wannan ba shi ne zanen rigar Lela ba?” Na yi ta kame-kame. Tun daga nan sai sharar tsakar gida take yi tana maimaitawa, wurin da ko ganye babu.

Ga abin da takardun ofishinku ba su faɗa miki ba. Na je sabuwar maƙabartar na ga ramukan da ake haƙa wa waɗanda aka kwaso. Ƙanana ne, na ƙasusuwa, zurfinsu bai wuce ƙugu ba. Mai haƙan ya ce irin waɗannan ba a ƙara kowa a ciki. Kin gane? An raba su ke nan. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba.

Ki huta lafiya, in kina iyawa.
Rojali

'Yata Lela,

Ina gaishe ki. Ipah ce take rubutawa, ni nake faɗa.

Babenki ya ƙare rayuwarsa a rataye a ƙofar bas yana zuwa kasuwa, kullum yana cewa ina ma a kawo jirgi. Ba zai yi faɗa da jirgi a kan tudu ba. Su ɗauka.

Amma ranar da za a tashe shi, ki zo da igiyar awon nan taki, ki tsaya a kan masu haƙa da kanki. Zurfin mutum biyu nake so, kada ki bari su rage ko ɗan yatsa. Kin samo wa jirage wurin kwana, saura ni.

Ki ci abinci. Allah ya yi miki albarka.

Enyak