Taubashina ya ƙwace min tattakin da na yi wata bakwai ina shiri

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wanga gida. Don Allah a ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara kafin in aikata abin da zan zo ina nadama, don yadda zuciyata take yanzu ban yarda da kaina ba.

Ni malamin firamare ne a Wurno, shekarata talatin da shida. Bara likita yac ce hawan jini ya kama ni, in rage tumbi, in riƙa tahiya da ƙafa. Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, masunci ne, kuma tun muna yara yake ba mu labarin yadda yab bi bakin gulbin Rima da ƙafa tun daga Goronyo har Argungu yana saurayi. Sai nic ce tunda tahiya anka ce in yi, bari in yi irin tashi.

Na fara da yashi kaɗan cikin jakar goyo, ina zuwa Magarya in dawo bayan sallar asuba kafin makaranta. Makon farko ko ruku'u da ƙyar nike yi. A hankali na ƙara nauyi, ranar Asabar in kai Dinawa, wani lokaci Kwargaba. Ƙafafuna sunka yi bororo sunka fashe, farcen babban yatsana ya cire. A hanyar Kwargaba na saba da wani dattijo makiyayi, Baffa Ardo, shi ya koya min in bar kwankwaɗar ruwa in riƙa kurɓa, in yada zango in rana ta take, in sa takalmi sabo ya saba da ƙafa tun kafin ranar tashi. Duk abin da na koya na rubuta a wani littafi, garin da za a kwana, gidan da za a sauka, inda rijiya take, inda ake ƙetare ruwa.

Wata na huɗu sai ɗan Gwaggona, bari in kira shi Bashiru, yac ce zai bi ni. Shi ɗan TikTok ne, taubashina ne kuma, tare munka tashi. Na yi murna, na ba shi tsohuwar jakata, na koya mai yadda ake ɗaure ta bisa ƙugu don kada kafaɗa ta mutu. Wata Asabar a fadamar Rabah na ƙetare wani kwalbati da kaya a bayana yana ɗaukata da waya, sai yac ce hoton bai fito ba in sake. Na sake, santsi ya kwashe ni, na faɗa cikin laka, idon sawuna ya gurɗe. Ina kwance ina salati shi yana dariya yana ɗauka. Na roƙe shi ya goge, ya rantse min ya goge.

Ina gida mai ɗori yana ja min ƙafa sai ga bidiyon a wayar matata, an tura mata. Bashiru ya sa ma bidiyon kiɗa, ya rubuta "Malam Tumbi zai tahi Argungu". Da na koma makaranta, ina juya baya zan yi rubutu a allo sai in ji ana raɗa sunan. Ɗiyata ta aji huɗu ta dawo gida da kuka, tac ce ba ta ƙara zuwa. Bashiru bai tsaya nan ba, ya samo abokai biyu ya sanar cewa shi zai yi tattakin, har yana ba da labarin mahaifina yana cewa kawunshi shi yab bar ma wasiyya. Mutumin da ko jinyar Baba bai zo ba sai sau ɗaya. Da na same shi da maganar yac ce wasan taubasai ne, kuma ai ƙafata ta riga ta fidda ni, in bar masu iyawa su yi. Na faɗa mai maganganu, shi ma ya faɗa min, sai da maƙwabta sunka shiga tsakani.

To ga inda matsalar take. Jumma'a mai zuwa za su tashi, kuma bai san hanya ba, duk tana cikin littafina. Shekaranjiya Gwaggo taz zo da kanta, ta zauna bisa tabarmata tac ce, "Ɗana, ka ba ƙanenka takardar nan, ni na roƙe ka, ba shi ba." Na ce mata zan duba.

Gaskiya ina son ya wulaƙanta. Har na kira mutum biyu cikin waɗanda za su sauke mu na ce tahiyar ta fasa, kada su karɓi kowa da sunana. Na yi tunanin in ba shi littafin in canza wuraren rijiyoyi, ya sha rana da ƙishirwa, ya dawo cikin mota kwana biyu da tashi, ni kuma in tsaya tasha da wayata in ɗauke shi. Na kuma yi tunanin in tashi ranar Talata ba wanda ya sani, in riga shi isa, alhali har yanzu ina ɗingishi kuma mai ɗori ya ce in ƙara wata guda.

Amma akwai abu ɗaya da ban rubuta a littafin ba. Baffa Ardo ya faɗa min wani daji da ba a bi yanzu saboda halin tsaro, ya nuna min zagaye. A taswirar waya nan ne hanya mafi kusa, kuma na san Bashiru, nan zai bi. Ni kaɗai na san wannan cikin danginmu. Sau uku ina ɗaukar waya in faɗa mai, in tuna kukan ɗiyata in aje. Ban son ya mutu, Allah shaida, amma ban son ya isa Argungu da guminmu ni da mahaifina.

Mi kuke ganin ya kamata in yi? In faɗa mai dajin kawai in riƙe littafina? In ce sai ya goge bidiyon ya fito ya ba ni haƙuri gaban mutanen da sunka yi min dariya? In ya ƙi fa, in bar shi ya tahi hakanan? Gwaggo za ta dawo gobe bayan la'asar, kuma ban san abin da zan miƙa mata ba.