Hawasha ta Bakwai

Hajj Abdalla

Ƙanena Ustaz Ladan,

Assalamu alaikum, ya ɗalibai? Bayan gaisuwa, tsarin rabon ruwan noman da ka yi mana nan garin Hajj Abdalla ne ya sa na ɗauki biro. Hawasha bakwai muke, wato gonakin ban-ruwa, kwana bakwai. Ka ce a ninka lambar hawasha da lambar mako, a raba bakwai, abin da ya rage shi ne ranar mutum. Kowa na zagayawa, ni mai ta bakwai kuwa mako huɗu ke nan Juma'a nake samu, ranar da ake kashe famfo tun hantsi saboda masallaci. Dawata ta fara naɗe ganye. Don Allah ka duba.

Yayarka, Ruqaya

Hasahisa

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lissafi ba ya son kai. Da hannuna na gwada shi a allo, lambobin suna juyawa gwanin sha'awa. Ko dai Osman mai famfo ne ya ruɗe, ko kuwa ƙorafinki ne na kullum. Ki yi haƙuri, naki zai zo.

Ki huta lafiya. Ladan

Hajj Abdalla

Ladan,

Sallama. Nawa bai zo ba, na kowa ne ya zo. Osman ya buga lissafin mako na bakwai, sai ga mu bakwai ɗin duk a Juma'a, kowa da fartanyarsa a bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu. Ɗayyabu maƙwabcina ya ce, "Wallahi ya jama'a, yau mun ɗanɗana Juma'ar Ruqaya!" Rabin dawata ya ƙone. Ban gaya wa kowa na taɓa rubuto maka ba.

Ruqaya

Hasahisa

Yayata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Kunya ta hana ni cin abinci. Bakwai, duk abin da aka ninka da ita, in an raba bakwai babu saura, ni kuma babu-sauran na ba Juma'a. Daga ɗaya zuwa shida na gwada, kyan juyawarsu ya ɗauke mini hankali na ajiye alli. Taki ban taɓa ninkawa ba, ko bayan wasiƙarki. Ke da kika sayar da awakinki na yi karatu, ke na kira mai ƙorafi. Ki gaya wa sauran manoman kin gargaɗe ni. Ni dai ba ni da idon haɗawa da su.

Ƙanenki mai neman gafara, Ladan

Hajj Abdalla

Ladan,

Na yafe. Amma ba zan ari bakinka ba, ka zo ka faɗa musu da kanka. Ka bar allin a can, ka taho da fartanya.

Sai ka iso. Ruqaya