Hazen Ya Fita Ƙasar Waje Sayen Mai

Wilson's Beach, Campobello
Talata, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Burton,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Corinne da yara. Ubangiji ya ƙara tsare ka a wannan aiki naku na Alberta, ya raba ka da sharrin injuna da sanyin can, wanda Corinne ta ce har gashin hanci yake daskararwa. Mu nan lafiya ƙalau muke, sai abin da ba a rasa ba. Mama tana nan da ƙarfinta a gidan tsofaffi, shekaranjiya ta cinye mata uku a karta, ɗayarsu har yau ba ta yi mata magana. Idona da aka yi wa aiki ya warke sarai, yanzu ina ganin ƙurar da ta shekara a saman kabad, abin da ban gode wa likita a kansa ba. Kada gabanka ya faɗi don ka ga takarda maimakon waya, babu wanda ya mutu. Wayar gidan ce ba ta da hutu, mai gidan kuma kullum yana gindinta, ta hannu ka san sai an hau tudun coci take kamawa, ni kuwa maganar da zan yi ba ta gaban Hazen ba ce.

Maganar aikin da ka samo masa ce. Jiya da rana ya sauko da jakar tafiya daga saman rufi, ya kakkaɓe ta, ya ce in rubuta maka cewa ya yarda, zai zo ya fara a farkon Maris kamar yadda ka faɗa. To ka gani, na rubuta, na sauke saƙo. Amma kafin ka je ka gaya wa shugaban aikinku, ka zauna ka karanta yadda aka yi mijina mai shekara sittin da ɗaya, wanda bai taɓa kwana uku a wajen tsibirin nan ba, yake shirin tafiya ƙarshen ƙasa ya bar ni da kyanwa.

Kamfanin kifin da Hazen yake wa aiki ya rufe a Disamba kamar kowace shekara, kowa ya nemi kuɗin marasa aiki kamar kowace shekara. Ka san tsarin, bayan an nema sai a riƙa amsa tambayoyinsu duk mako biyu, kafin su saki abin da za su saki. Shekara talatin da ɗaya ni nake cike wa Hazen, tun ana yi da biro har aka koma kwamfuta. Bana sai abin ya faɗo a makon da aka naɗe mini ido, likita ya ce ko takardar magani kada in karanta. Hazen ya ce in kwanta, shi ma ya yi makaranta. Ya sa tabarau, ya zauna da yatsa ɗaya, yana karanta kowace tambaya da ƙarfi kamar yana karatu a coci. Har ya zo kan wadda ke cewa ko ka fita daga Kanada a cikin makonnin nan biyu. Yaya, kai da ka tashi a nan ka san babu gidan mai ko ɗaya a tsibirin nan, sai an haye gada zuwa Lubec, Lubec kuwa Amurka ce, ko da yake daga tagar tsohon gidanmu ana hango shanyar matan garin. Ni dai ban taɓa ɗaukar sayen mai tafiya ƙasar waje ba, haka kowace mace a layinmu. Hazen ya tuna ya je ya sha mai ranar Alhamis, ya danna e.

Ba mu san komai ba sai da muka ga kowa ya samu nasa, mu shiru. Murray Lank, abokin aikinsa, ya samu, har ya sa sabbin tayoyi. Bayan mako uku takarda ta zo, wai an dakatar da na Hazen, ana bincike a kan tafiyar da ya yi zuwa ƙasar waje. Na ce wace tafiya, mutumin da ko bikin 'yarka Janelle sai da aka yi masa kuka kafin ya hau jirgi? Da ya gaya mini abin da ya danna, sai da na nemi kujera. Shi kuma ya tsaya yana kallona, ya ce, "Glenna, to ke me kike dannawa duk shekarun nan?" Na ce a'a mana, me zan danna. Ya cire tabarau ya ce, "Wato shekara talatin ina zagayawa da farantin karɓar kuɗin baiko a coci, ashe a gida kuɗin ƙarya nake ci?" Na ce, "Ka ci, ka ƙoshi, har ka ajiye tumbi, ban taɓa jin ka tambayi inda aka samo ba." Ranar bai ci abincin rana ba, amma na ga ya rama da na yamma.

Ban san wanda ya fitar da labarin ba, ko da yake na gaya wa Velma maƙwabciyata, ita kaɗai, na kuma ce kada ta faɗa wa kowa. Washegari ya shiga shagon shayi na bakin tashar jiragen ruwa, mazan nan suka miƙe tsaye suna yi masa barka da sauka. Murray ya ce, "Hazen, ina tsarabarmu? Yaya mutanen ƙasar waje, suna jin yarenmu kuwa?" Wani ya tambaye shi ko ya sha wahalar canjin yanayi. Har yau in ya tayar da mota sai wani ya ɗaga masa hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya, a riƙa aiko da hoto.

Daga nan muka shiga zaman waya. Ƙarfe takwas da rabi na safe yake bugawa, wata murya ta ce kiransa yana da muhimmanci, sai a sa masa kiɗa. Kiɗa ɗaya ne, yana ƙarewa ya sake farawa. Ya ji shi har ya haddace, ranar Lahadi yana zagayawa da faranti na ji yana rera shi a hanci, Velma kuma daga benci na uku ta ɗauka, don ita ma ta yi nata zaman wayar a bara. Sau ɗaya tak aka ɗaga a makon farko, bayan awa biyu da wani abu, daidai lokacin da shayi ya kai shi banɗaki. Na fizgi wayar, wani saurayi ya ce sai dai ya yi magana da mai takardar da kansa. Na kumbura murya na ce ai ni ne Hazen Calder. Yaron har ya fara tambayata ranar haihuwa, sai ga murya daga banɗaki, da iyakar ƙarfinsa: "Ba ni ba ne, matata ce!" Saurayin ya ce a yi haƙuri a sake kira, ya ajiye.

Da na ga waya ba za ta fisshe mu ba, na ce mu je ofishinsu na St. Stephen. Ka san jirgin fito ba ya aiki da hunturu, don haka sai mu haye gada mu shiga Amurka, mu yi tafiyar awa guda a cikinta, sannan mu sake shigowa Kanada ta Calais. Wato don mu je mu yi bayanin cewa bai fita ƙasar ba, sai da muka fita ƙasar. Muka samu wata Madam Robichaud, mace mai haƙuri, Allah ya saka mata. Hazen ya zaro takarda daga aljihu, ashe ya rubuto duk fitar da ya yi tun Disamba, da rana da dalili: sayen mai, sayen madara, kai kyanwa wurin likitan dabbobi. Matar ta karanta, na ga tana cije leɓe. Sai ya gyara zama ya ce, "Madam, akwai kuma abin da ya kamata ki sani game da shekarun baya, da ma sauran mutanen tsibirinmu." Na taka masa ƙafa da duk nauyina, ya ce, "Glenna, kin taka ni." Madam Robichaud ta ɗaga hannu ta ce, "Mista Calder, ni fayil ɗin bana aka ba ni, kunnena kuma ba ya jin na bara." Ta yi masa bayani dalla-dalla cewa fitar da ba ta kai yini da kwana ba, ba ita ake tambaya ba, nan gaba ya danna a'a. Ta ce ta gyara, mu jira mako huɗu ko ƙasa da haka. Muka fito ina jin kamar in rungume mai gadi, har na yarda muka tsaya muka ci soyayyen kifi da dankali a hanya.

Kwana biyar bayan haka lokacin amsa tambayoyi ya sake zagayowa. Ina wurin Mama ina yanke mata farce. Na dawo na tarar ya rufe kwamfuta, ya wanke kwanoni, har ya share kicin, nan take jikina ya ba ni. Na ce Hazen, me ka danna? Ya ce, "Glenna, ki tsaya ki ji. Matar nan da baki ta faɗa, amma a rubuce ba haka aka tambaya ba. Cewa aka yi na fita? Na fita, har sau biyu a rana ɗaya, zuwa da dawowa, kina cikin motar." Ya ce ya kai yatsa kan a'a har sau uku, yatsan ya ƙi. Na sa riga na fita bayan gida na faskara itacen da zai kai mu Afrilu. An sake dakatarwa, mun koma ƙarshen layi, Madam Robichaud da na same ta a waya ta ce a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Na san kana dariya, ni ma in na ba Velma labarin dariya nake yi har hawaye. Amma tun ranar Hazen ya daina zuwa shagon shayi. Yana zaune a gindin waya, ba ya ko rera kiɗan. Ranar Asabar ya ga na rage wutar ɗumama gida na ƙara rigar sanyi, sai ya ce namijin da ya kasa danna maɓalli ɗaya don gidansa ya yi ɗumi, gara ya tafi inda ake biyan mutum da ƙarfinsa. Ka san shi, ba ya faɗin abu sau biyu. Gwiwarsa ta hagu ba ta hawa matakala sai da lallashi, maganin hawan jininsa kuwa in ban ajiye shi kusa da kofin shayi ba, ba zai tuna ba. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Na ji haushinsa kamar in jefa shi a teku, amma da na ga jakar nan a tsakar ɗaki sai haushin ya bi iska. Kai ma hunturu ɗaya ka ce za ka yi ka dawo, bana shekara goma sha tara ke nan, Mama har yanzu tana tambaya ko ka kusa.

Ga abin da nake roƙonka. Ranar Lahadi bayan coci ofishin ba ya aiki, layin gidan a buɗe yake. Ka bugo masa, ka ce masa ka yi iyakar ƙoƙarinka amma an riga an ba wani aikin. Kada ka yi dogon bayani, ka san kai in ka tsawaita ƙarya sai ka fara tari. Zai yarda, don bai taɓa kawo wa ransa wani zai yi masa ƙarya ba. Mu kuma ba za mu mutu ba. Naman barewar da ya harbo da kaka yana nan cike da firji, dankali yana nan, itace kuwa na gaya maka. Na karɓi aikin safe a kicin ɗin gidan tsofaffi daga Litinin, ga shi zan riƙa ganin Mama kullum. Kuɗin ma za su fito, Madam Robichaud ta yi alkawari, ni kuma na canza lambar sirrin kwamfutar, ko Velma ban gaya wa ba. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne, ina sa ka yaudari mutumin da ya fi mu gaskiya ni da kai. Alhakin a wuyana, kada ka ɗauki ko kaɗan. Zai yi baƙin ciki na mako guda, amma a kicin ɗina zai yi shi, inda nake ganinsa.

Ka gaishe mini da Corinne, ka ce na ga hoton sabon labulenta, ya yi kyau. Ka gaida ɗanka Travis, da Janelle da mijinta, ka shafa mini kan jaririyar. Mama tana gaishe ku duka, Velma ma ta ce in saka sunanta. Hazen yana gaishe ka da kyau, ya ce in yi maka godiya a kan ɗawainiyar da ka yi masa, in kuma tambaye ka wace irin safar hannu ake sawa a can, don yana so ya saya tun kafin ya taso. Kada ka ba shi amsa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Glenna