Bencin da ke Bayan Rumbu

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ya yara? Mu nan lafiya lau, aiki ba laifi.

Barci ne dai ya ƙaurace min. A masana'antarmu, in ƙurar fulawa ta haɗu da tartsatsi, fashewa take yi. Shi ya sa aka yi wa babban rumbun ƙarfe taga, don wutar ta fita ta nan. Aikina shi ne in lissafa ƙarfin da rumbun zai zabura baya da shi, kamar yadda bindiga ke dukan kafaɗa. Na lissafa, na sake lissafawa. Ƙafafunsa ba za su riƙe ba.

Manaja ya ce a bar gyaran sai ƙarshen shekara.

Kowa tsoron gaban tagar yake, sai suka kai bencin cin abinci bayan rumbun. Can Autanmu yake zama. Na hana shi, ya yi dariya, wai boko ya mai da ni matsoraci.

Maganarki kaɗai yake ji. Don Allah ki kira shi. Inna kuwa, ki ce mata har ƙiba muka yi.

Ni na kawo shi nan, Yaya.

Allah ya tsare mu,
Ƙaninki