Mai Jiran Gada

Zuwa ga ƙanena Noriyuki,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da matarka Harue da yara, da ciwon bayan nan naka. Mu nan shinkafa ta yi kyau, zafi ne kawai.

Tun da aka fara nuna fim ɗin katun ɗinka, ƙauyenmu bai huta ba. 'Yan mata ke ta sauka daga bas, kowace da farar riga da hular kaba irin ta yarinyar da ka zana, suna ɗaukar hoto a kan gada. Tsofaffi sun san Ikumi ce ka zana, abokiyar wasanka, wadda ambaliya ta ci a shekarar da ka tafi Tokyo kana ɗan shekara goma sha biyar. A fim ka sa ta jira ka har kuka yi aure. Ba wanda ya faɗa wa baƙi gaskiya.

Ka rage shan taba.

Yayarka, Fusae

Noriyuki,

Bayan gaisuwa, da fatan wannan ta same ka lafiya. Ni dai ban da lafiyar zuciya.

Akwai wata a cikin 'yan matan nan da ba ta ɗaukar hoto. Ranar Laraba da rana tsaka ta shigo shago ta nemi alawar da muka daina sayarwa tun Baba na da rai. Na ga tabon ƙuna irin na Ikumi a wuyan hannunta, wanda ba ka taɓa zanawa ba. Ta dube ni ta ce, "Yaya Fusae, kin tsufa. Shi Ɗan Kwaɗo fa, yaushe zai zo? Ya gaya wa duniya zai dawo."

Ban da ni da Ikumi, wa ya san wannan sunan naka? Da ta fita, inda ta tsaya jiƙe yake.

Don girman iyayenmu, bana kada ka zo bikin tunawa da magabata. Ni zan share kabari.

Yayarka, Fusae

Harue, ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Yaya kuke, yaya haƙuri?

Kin ce in faɗa miki abin da na gani, ba abin da 'yan sanda suka rubuta ba. Noriyuki ya sauko daga bas ɗin safe. Na kira shi, ya ɗaga min hannu yana murmushi. Ikumi tana kan gada. Ya ajiye jakarsa a bakin hanya ya nufe ta, suka bi ta cikin shinkafa. Ƙafata ba ta gudu. 'Yan sanda sun bincike kogi har madatsa, babu komai.

Jiya wasu baƙi suka nuna min hoto a wayarsu, suna ta yabo, wai ba su taɓa ganin shigar da ta dace haka ba. Ita ce, da wani yaro ɗan shekara goma sha biyar riƙe da hannunta. Ni na yi goyon yaron nan, Harue. Ba ya murmushi.

Taki, Fusae